Akwatin Bincike a Shafin Mai Hoto

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki, kina shan maganin kuwa?

Kin ce in gaya miki yadda nake. Ina tashi, in buɗe shagon, in zauna. Wata uku ke nan da rasuwar Baban yara, labulen da yake ɗaukar mutane hoto a gabansa yana nan rataye. Keken ɗinkina ko taɓa shi ban yi ba. Ba kuka nake ba, kada ki damu. Ba na jin komai ne kawai. Abinci ma don lokacinsa ya yi nake ci.

Kin tuna shafin intanet ɗin da ya zuba tsofaffin hotunan shagon, wanda kike tsokanarsa wai ya gina wa mutanen zamanin da masauki? Hoto dubu huɗu da ɗoriya ne, ashirin-ashirin suke fitowa, sai an danna gaba. Ranar Talata wani direban tanka ya zo, mutum da furfura a gemu. Ya ce, "Mama, mahaifiyata ta rasu ina shekara biyu. Kawuna ya ce a nan aka taɓa ɗaukarta." Ya faɗi sunanta. To shafin ba a neman suna a cikinsa, shi kuma bai san fuskarta ba, balle ya gane ta in ya gani. Ambulan ɗin da aka rubuta sunaye suna cikin kwalaye a ƙarƙashin benci, gara ta fara cin na ƙasa. Na ce ya bar lambarsa.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, na ga saƙonki. Allah ya ƙara sauƙi. A'a, ba zan taho yanzu ba, na ɗauko wani aiki.

Maƙwabciyarmu mai buga takardu a kwamfuta ta ce abin da shafin yake buƙata akwatin bincike ne, wurin da mutum zai rubuta suna hoton ya fito. Ta ce ita aiki ya yi mata yawa, amma ta turo mini wani bidiyo. Ni da ban wuce amsa waya ba. Lambar sirrin shafin a murfin jakar kyamarar Baban yara na same ta, da biro ja.

Bidiyon sau goma sha ɗaya na kalla. Mutumin ciki sauri yake kamar mota za ta tashi ta bar shi. Wai a kwafi wasu layuka na rubutu a manna su a wani wuri. Na manna a inda ba nan ba. Shafin gaba ɗaya ya koma fari fat, ko hoto ɗaya babu. Yaya, aikin Baban yara na shekara arba'in da ɗoriya ya ɓace a gabana, ni kuwa abin da ya zo mini a rai shi ne ko na kwashe shanya. Na fi awa ina kallon farin. Da maƙwabciyar ta leƙo ta ce, "Kai, Maman yara, kin kashe gari kin zauna shiru?" Ta nuna mini inda ake mayar da abu yadda yake. Na sake da kaina, sannu a hankali, akwatin ya fito a sama, ɗan siriri.

Na rubuta sunan mahaifiyar direban, bai kawo komai ba. Maƙwabciyar ta ce akwatin ba ya ganin fuska, rubutu kaɗai yake karantawa, hotunan kuma lamba kawai suke da ita. Don haka yanzu ambulan nake ɗauka, in duba lambar, in rubuta sunan a ƙarƙashin hoton. Da yatsa biyu nake bugawa, arba'in a rana, wata rana sittin. Rubutun Baban yara ne a kan kowanne. Karantawa nake kamar takardar magani. Waɗanda gara ta cinye sunansu sai in bar su haka.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya yara da makaranta? Ki yi haƙuri da daɗewar shiruna.

Na sami mahaifiyar direban, ita ce ta dubu biyu da ɗari uku da sha shida. Na kira direban, ya zo jiya da hantsi da kayan aikinsa a jiki. Ban nuna masa ba, na tura masa kwamfutar na ce ya rubuta da kansa. Sau biyu yana kuskuren harafi. Sai ga ta, yarinya 'yar shekara ashirin, riƙe da furen roba, ido ɗaya ya ɗan rufe don dariya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe na girme ta." Ya sauka daga kujerar ya zauna a ƙasa. Na ba shi ruwa. Na san abin a ji wani abu ne, na tsaya ina jira, bai zo ba.

Da ya tafi na jawo kwamfutar na rubuta sunan Baban yara. Aka ce ba a sami komai ba. Na rubuta sunan da abokansa suke kiransa, shi ma haka. Na ɗauka na sake ɓata wani abu ne, na kira maƙwabciyar. Ta gwada sunaye uku, duk suka fito. Ta ce akwatin lafiyarsa lau, ta koma shagonta.

Na duba sauran ambulan har na ƙasa, na duba gida. Babu hotonsa ko ɗaya sai na katin shaidarsa, wanda hatimi ya rufe masa kunne da rabin baki. Kullum shi ne mai cewa a matso, a ɗaga kai, a yi murmushi.

Yaya, ki duba akwatunanki, ki tambayi su Kawu ma. In akwai hoton da ya fito a ciki, ko a gefe ne, ko bai kalli mai ɗauka ba, ki aiko mini. Ban san me zan ji in na gani ba. Ki dai aiko.

Ƙanwarki,
Auta