Allon Bakin Ƙofa Yana Ɗakina

Zuwa ga Rabaran da dattawan ikilisiyarmu ta masu jin Hausa a Dubai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni ce Rifkatu, mai buga tulu a zumuntar mata. Na rubuto a fili ne domin a fili aka kunyata ni.

Na farko, maganar allo. Shekara shida ke nan ni ke naɗe allon ƙyallen da muke kafawa a bakin ƙofa, mai cewa "Barka da zuwa, nan gidanku ne". Wurin sujadarmu zauren haya ne, ba a barin kaya, shi ya sa duk Lahadi nake rungumo shi daga unguwarmu ta International City a bas, sandarsa tana zungurar mutane ina ba su haƙuri. Ban taɓa gunaguni ba, domin na ɗauka abin da aka rubuta gaskiya ne.

Na biyu, maganar ɗana Ishaya. Ya yi aure a Kanada da namiji ɗan'uwansa. Ban je ba, ban kuma sani ba sai da wata ta tura hoton a WhatsApp na mata, ta haɗa da addu'a mai tsawo. Na yi kwana uku ina kuka. Abin da ke tsakanina da shi, da wanda ke tsakanina da Allah, ban gama da su ba, kuma ba na neman ku canza koyarwarku saboda ni.

Na uku, abin da kuka yi. Lahadi uku da suka wuce, shugabar mata ta karɓe tulun daga hannuna ana tsakiyar waƙa, ta ce in ajiye zanen zumunta sai na tsaya gaban jama'a na furta cewa ba ni da ɗa. Rabaran, kana zaune, idonka a kan takarda. Alhazan Kano da nake dafa wa tuwo a unguwar Al Khabaisi su ma labari ya kai musu. Babbansu ya ce Allah ya shirya mana zuri'a, ya miƙo kwanonsa a ƙara masa miya. A gidan da na kira nawa ne aka ja kujeru nesa da ni, sai ka ce mai ƙyanda.

To ku ji amsata: ba zan faɗa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni na haife shi, da wankau na biya masa makaranta, kuma duk Asabar yana kirana ya tambayi gwiwata. A cikinku wa ya tambaya?

Roƙona biyu ne. A mayar mini da tuluna. In kuwa ba za a mayar ba, a ƙara a jikin allon su wane ne ba a so, kada wata ta sha wahalar bas a banza.

Allon yana jingine bayan ƙofata. Ranar Lahadi zan zo da shi sanye da zanena, in kafa shi, in zauna a layi na biyu inda na saba. Duk dattijon da zai fitar da ni, ya fara naɗe allon da hannunsa, jama'a suna kallo.

Allah ya ƙara muku hikima, ya tsare muku 'ya'yanku, kada ya nuna muku ranar da za a ce ku zaɓa.

Wassalam.

Taku har yanzu,
Rifkatu, uwar Ishaya