Teburin Fitila

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, matar ƙanenki da yara suna gaishe ki.

Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Abin da zan tambaya bakina ba zai iya furta shi ba, kuma kin san gidanmu, ko tari na yi a ɗaki sai an ji a tsakar gida. Shi ya sa na ba direban da ke kai lemo wajenku wannan takarda.

An yi mana sabon manaja a kamfani. Ranar Litinin aka raba wa kowa takarda da Turanci, har mu 'yan sashen wanke kwalabe. Akwai kalma ɗaya da aka ja wa layi, ga ta na kwafo miki harafi-harafi: rotate. An ce daga farkon wata duk ma'aikata za su fara yin wannan abin. Tun ranar ba a da zance sai ita. Mai gadi ya ce juyawa take nufi, wato a juya mutum ya fuskanci ƙofa. Bakaniken da ke gyara mana inji, shi da ya ɗan taɓa boko, ya ce daga rot ta fito, ruɓewa ke nan, mu tsofaffin da muka ruɓe za a tsince a zubar. Yana faɗa yana dariya, ni kuwa abincin ranar bai shiga ba.

Shekara ashirin da uku ina kan injin nan, Yaya. Ke kika ƙare ƙuruciyarki kina koyar da Turanci. Ki faɗa mini gaskiya komai ɗacinta: sallama ce? Kada zancen ya kai kunnen mutanen gida.

Na bar ki lafiya.
Ƙanenki, Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, alhamdulillahi, sai dai ni da matakala har yanzu ba ma ga-maciji. A gaishe mini da matarmu da yara.

Ka gaya wa bakanikenku ya riƙe sifanarsa ya bar wa masu Turanci kayansu. Tsakanin rot da rotate babu dangantaka, kamar yadda kare ba ɗan'uwan karatu ba ne don kawai farkonsu ya zo ɗaya.

Sai da na sauko da tsohon ƙamusuna don kada in yi maka shaci-faɗi. Kalmar ta samo asali daga Latin, tsohon harshen Rumawa, inda rota ke nufin ƙafar keke ko ta amalanke. Ma'anarta ta farko, abu ya riƙa juyawa a kan gindinsa ba tare da ya bar wurin ba, kamar fankar sama. Idan abu yana kewaya wani abu daban ne, an fi cewa revolve. Ɗalibaina sun sha jan biro a kan wannan bambancin. Daga nan aka ari kalmar. Manomi in ya shuka wannan bana, baɗi ya sauya, ita ake faɗa. A wurin aiki kuwa karɓa-karɓa ce: wata uku kana nan, wata uku kana can, har ka zagayo wurinka na da.

To ka ji. Ba mai korar ka. Ka ci abinci, kada ka rame a banza matarka ta ce ni ce.

Allah ya yi maka albarka.
Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ga amsarki, na gode, Allah ya ƙara girma. Na gaya wa bakanike zancen kare da karatu, har yau abokan aiki ba su bar shi ya sha ruwa ba.

Sai dai ina da wata tambaya. A cikin wannan kalma, akwai inda mutum zai iya cewa shi a tsallake shi? An kafe jerin sunaye jiya. Ni an kai ni teburin fitila. Wani dogon tebur ne da kwalabe ke wucewa a jere ta gaban farin haske bayan an wanke su, mutum biyu na zaune suna dubawa, in sun ga tsaga ko datti su cire kafin a zuba lemo.

Don Allah ki rubuta mini takarda da Turancinki mai kyau zuwa ga manaja, a bar ni a kan injina. Ki ce ciwon baya nake fama da shi. Saura kwana tara wata ya mutu, direba kuma Laraba zai dawo.

Ƙanenki, Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Direba ya zo, na kuma sallame shi hannu rabbana ranar Laraba, don sai da na kwana biyu ina tunani kafin in ɗauki biro.

Ba zan rubuta takardar ba. Kai da ke tsaye awa takwas kana cusa akwatunan kwalba a inji, an ba ka kujera ka ce baya ya hana ka? Ko manajan yaro ne ba zai yarda ba, balle ni da na goya ka.

Na ɗauko wasiƙar da ka rubuto mini shekara biyu da suka wuce, lokacin rasuwar maigidana, na ajiye kusa da waɗannan biyun. Rubutunka na da ƙanana ne kamar ƙwayar gero, har Baba yana cewa rowar takarda kake yi. Yanzu kowane harafi ya kai kan yatsa, layi yana gangarawa ƙasa, a wasiƙar ƙarshe ma ka hau kan layin da ka riga ka rubuta. Sai na tuna zuwanka na ƙarshe, da ka zuba shayi a gefen kofi ka ce hannunka ne ya goce.

Wane ido ne, Auta? Ko duka biyun? Tun yaushe?

Ban gaya wa kowa ba, amma barci ya ƙaurace mini. Ka amsa mini da direban farko.

Yayarki, a'a, yayarka, ka ga har hannuna ya rikice.

*

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Kusan kwana goma ban amsa ba, kunya ce ta hana ni.

Na dama ne ya fara, shekara ɗaya da rabi ke nan, kamar ana hura hayaƙi a gabana. Yanzu na hagu ya bi sahu. A kan injina ba wanda ya gane, don ni da kunne nake aiki. Daga ƙararsa na san kwalba ta maƙale, hannuna ya san inda kowane maɓalli yake. Na ce zan lallaɓa haka har shekara biyun da suka rage mini kafin ritaya su cika.

Na hau teburin fitila ranar ɗaya ga wata. Hasken nan yana dukan idona sai komai ya zama fari fat. Abokiyar zamana wata baiwar Allah ce da muke kira Uwar Biyu. Rana ta farko na ga tana miƙa hannu tana cire kwalabe daga ɓangarena. Rana ta huɗu ta tashi shan ruwa, minti biyar kacal. Da ta dawo sai ta tsayar da layi, ta bi akwatunan da aka riga aka cika ɗaya bayan ɗaya, ta zaro wata kwalba mai tsagaggen baki, da ɓarɓashin gilashi kwance a gindinta. Ta sa mini ita a hannu don in taɓa.

Da aka tashi ta tare ni a bayan sito. Ta ce, "Baba, 'ya'yana suna shan lemon nan. Naka ma suna sha. Ba zan kai ƙarar ka ba, amma ba zan sake tashi shan ruwa ba sai ka yi magana, ni kuma mai ciwon suga ce."

Kwana biyu ke nan ina kallon ta tana aikin mutum biyu, leɓenta a bushe.

Gobe zan shiga ofishin manaja. In ya sallame ni, ban san da wane baki zan gaya wa mutanen gida ba. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki, Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa ta girmamawa. Ni ce matar ƙanenki. Yana kwance kusa da ni, shi ya ce in rubuto.

Ya ga manaja. Bai sallame shi ba, bai kuma ce zai mayar da shi kan injinsa ba. Ya ba shi hutun wata biyu da takarda zuwa asibitin ido, ya ce sauran magana sai ya ga rahoton likita. Likita ya ce yanar ido ce, amma ta daɗe, kuma akwai abin da bai gamsu da shi ba a bayan idon dama. Jiya aka yi wa na hagu aiki.

Ya zaunar da ni ya gaya mini zancen idonsa. Yaya, tun bara na sani. Ni nake ajiye masa takalmi a wuri ɗaya, ni na hana yara matsar da kujeru. Jira nake ya faɗa da bakinsa.

Ranar Alhamis da safe za a cire bandeji. Shi ya ce kada a tayar miki da hankali. Wannan layin nawa ne, bai san na ƙara ba: ki zo. Ba zan iya tsayuwa a ɗakin nan ni kaɗai ba lokacin da likita zai ɗaga yatsu ya ce masa nawa ne.

Ki huta lafiya.
Matar ƙanenki