Makullai Goma Sha Ɗaya Suna Hannuna

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Ma'aikata
Daga: Mai gadin tsohon sito, wanda kuka sani da Baban Ƙofa
Ranar Talata, 14 ga Oktoba

Game da: Barina da aka yi a bakin ƙofa ba sallama

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, ga kukana:

1. Ranar Litinin, 6 ga Janairu, motoci suka kwashe kayan sito zuwa sabon gini. Manaja ya damƙa mini makullai goma sha ɗaya, ya ce in zauna sai an aiko. Shekara ashirin da shida ina wannan ƙofa, ban taɓa tsallake umarni ba. Na zauna.

2. Yau wata tara ke nan. Kullum sai na yi shara, na ɗiga wa kwaɗuna mai, na buɗe ɗakuna su sha iska. Ba kowa ciki sai ƙadangaru da kujera mai ƙafa uku. An yanke wuta, an yanke ruwa. Da bokiti nake shayar da lemon da Manaja ya dasa da hannunsa.

3. Ranar 2 ga Yuni na bar wa maƙwabci ƙofa, na je sabon gini. Akawun da na yi shekaru ina buɗe wa ƙofa ya ce ai sun ɗauka tuni na koma gida. Ya ƙi karɓar makullan, wai ba aikinsa ba ne. Manaja kuwa an yi masa canjin wuri, ya tafi ko leƙe babu. Ashe an ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

4. Idona ya fara hazo. Sau uku ɗiyata tana zuwa don ta tafi da ni wurinta. Na ƙarshe har da kuka, wai in jefa makullan a rijiya. Na ce mata alkawari kaya ne, wanda ya ɗora maka shi ke sauke maka.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ba kyauta nake roƙo ba. A turo mutum ɗaya, ko masinja ne, ya shiga ɗakunan ya ga ko allura ba ta ɓata ba, ya karɓi makullan, ya ce mini an sallame ni. Ɗiyata za ta dawo ranar 31 ga wata. In ba a aiko ba, ita kaɗai za ta sake komawa.

Naku cikin biyayya,
Baban Ƙofa
(sa hannu da dangwalen yatsa)