Ranar da Aka Rasa Masu Ɗaukar Makara

Assalamu alaikum Yaya Umaru,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikinka, yaya Ikko, yaya Hajara da yara? Mu nan sai godiyar Allah.

Baba Manu maƙwabcinmu ya rasu ranar Talata da hantsi, Allah ya jiƙansa. Tun da ruwa ya cinye kwalbatin hanyar Kalgo ko babur ba ya shigowa, samarinmu kuma da suka tafi ci-rani ba su dawo noma ba. Aka yi masa wanka da sutura, sai aka rasa masu ɗaukar makara. Maza huɗu suka rage a gari, biyu da sanda suke tafiya. Mu mata muna da ƙarfi, amma ba ma zuwa maƙabarta. Haka ya kwanta a zaure har la'asar, sai da mutanen garin Diggi suka ratso ruwa da ƙafa suka kai shi makwancinsa.

Da na kai wa Inna fura sai ta ce, "Hauwa, ni wa zai ɗauke ni?" Ƙafafunta sun ƙara kumbura, Yaya.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hauwa'u