Kwamfutata ce ta yi kuskure, malamina aka ɗora wa tsufa

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, don zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni malamar Fiziks ce a wata sakandaren 'yan mata a Gumel. A sashenmu akwai wani dattijo, zan kira shi Malam kawai. Shi ya koyar da ni a wannan makarantar, yau kuma tebur ɗaya muke zama. Kullum daga Gagarawa yake zuwa a kan tsohon babur ɗinsa, kuma har yanzu "'yata" yake ce min.

Akwai wani lissafi da muke koyarwa, ninka bekta da bekta. Bekta abu ne mai girma da alƙibla, kamar ƙarfin da kake tura kurar ruwa da shi. Kowacce lambobi uku gare ta, in ka ninka biyu sai ta uku ta fito da nata lambobi ukun, kuma dole a juya alamar ta tsakiya da debewa. Wannan lissafin ya gajiyar da ni wajen makin takardu, ga aji cike, ga girki yana jirana a gida. Sai na zauna na rubuta fomula tawa a manhajar lissafi ta kwamfuta, ka zuba lambobi shida ta ba ka amsa nan take. Na ji daɗin kaina, ba zan ɓoye ba. Kowa na nuna wa, har shugabar makaranta.

Da aka zo duba amsoshin jarrabawar 'yan ajin ƙarshe, wanda Malam ke koyarwa, shugaba ta ce a gwada da kwamfutata. Amsoshin kwamfutata da na Malam suka saɓa, kowacce a lambar tsakiya. Malam ya ɗaga yatsunsa uku na dama yadda ya saba nuna alƙibla, ya ce, "'Yata, ki sake dubawa mana." Ni kuma a gaban malamai na ce, "Haba Malam, kwamfuta ai ba ta mantuwa." Aka yi dariya. Ya sake duba takardarsa, sannan ya ce, "To, ƙila girma ne ya zo." Cikin satin aka karɓe ajin aka ba ni, shi aka mai da shi aji biyar. Har tabarau ya je ya yanko, wai ko idon ne.

Kwanakin baya ina gwada tambayoyin wani littafi, sai amsata ta ƙi dacewa da ta bayan littafin. Na buɗe fomular, na ga na manta alamar debewar nan ta tsakiya. Duk amsoshin Malam daidai ne. Kun san abin da na yi? Na gyara, na rufe kwamfutar, na ja bakina na yi shiru. Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa, in na ga ƙofar ofishin shugaba sai in wuce. In ce mata me? Yaran da ke kallona a matsayin gwana fa? Malaman da suka yi dariya fa, ba kaina za su dawo ba? Na gaji, wallahi na gaji. Gaisuwar da muke yi da shi ma ta zame min aiki, don har yau da fara'a yake tambayata ya maigidan, ya yara.

Da abin a nan ya tsaya, ƙila da na ci gaba da lallaɓa kaina. Amma jiya na bi ta bayan ajinsa, na hango shi ta taga yana wannan lissafin a allo. Ya yi shi daidai, yadda ya koya min. Sai ya tsaya, ya gyara tabarau, ya sa ɗan yatsa ya goge alamar debewar. Wata ɗaliba da ya koyar bara a aji huɗu ta ce, "Malam, ai bara ka ce da debewa." Ya ce, "Bara na yi kuskure. Malamarku ta gyara ni, ku rubuta haka." Yara suka duƙa suka rubuta.

In na yi magana, mutuncina ya zube, ƙila ajin ma a karɓe. In na yi shiru, mutumin da ya koya min riƙe alli zai ci gaba da koyar da kuskurena da bakinsa, yana kuma gode min. Shi zan fara samu, ko shugaba? Da wane ido zan kalle shi?

Don Allah ku faɗa min, me zan yi?