Kajin Hajara na Saman Bene

Zuwa ga Hajara, Maman Sadiya,

Assalamu alaikum. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa kina cikin ni'ima. Na san wannan takarda ba za ta taɓa zuwa hannunki ba. Ko da kina raye ma da ni za ki miƙo wa ita in karanta miki, tun da kullum cewa kike rubutuna ba ya karantuwa. Amma maganar da ke cikina ba ta faɗuwa ga kowa a unguwarmu ta Gubaira a nan Riyad, kuma ta hana ni sakat.

Yau kwananki hamsin da uku. Sadiya tana kira daga Kano duk Juma'a, ɗanta ya fara haƙori, ita kuma har yanzu ba ta iya gama magana sai kuka ya katse ta. Na koma shagon gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Zafi ya shigo da ƙarfi, aiki ya yi yawa, hakan ma taimako ne. Famfon kicin da kika yi shekara kina mita a kansa na gyara shi cikin minti goma, sai na tsaya ina kallonsa ina jin kunya. Na je maƙabarta sau huɗu. Kin san nan ba a rubuta suna, duwatsu ne kawai a jere, don haka ina tsayawa inda nake zaton ke ce in yi addu'a.

Labarin kajinki ne ya sa na ɗauki biro.

Kin bar bakwai a saman bene, har da zakaran. Ban san komai a kansu ba, Hajara. Ban san cewa kina sa musu ƙanƙara a ruwa da azahar ba, sai da Ummu Usman, matar nan 'yar Sudan ta hawa na ƙasa, ta aiko mijinta ya gaya mini. Ban san 'yar wake-waken ba ta cin tsaba sai an watsa mata ita kaɗai a gefe ba. Shekara goma sha ɗaya kina hawa matakalar nan safe da yamma, ni kuwa abin da na sani kawai shi ne kashin kaji a takalminki da carar da ke tashina kafin lokaci. Ban taɓa tambayar kaina me mace za ta yi da yini guda a ɗaki biyu ba, a garin da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa. Yanzu da nake hawa ni kaɗai na gane. Can sama ne kaɗai wurin da kike ganin sararin samaniya ba tare da kin jira wani ya kai ki ba.

Kwana shida bayan jana'izarki na dawo na tarar da takardar baladiya, wato hukumar gari, manne a ƙofa. Doka ta hana kiwon kaji a gidajen zama, saboda wari da ƙara da cuta, don haka a kwashe su. Ma'aikatan ba su tsaya a gidanmu ba, sun bi layin gaba ɗaya. Sun sami kajin Ummu Usman huɗu a bayan kicin. Sun sami na tsohon nan ɗan Yaman mai gasa burodi, wanda kike musayar ƙwai da matarsa. Gida biyar abin ya shafa.

Ni na kai ƙarar, Hajara.

Kin tuna safiyar da muka yi faɗa, kwana tara kafin a kwantar da ke asibiti? Kina tari, na ce ƙurar kajin nan ce, kika ce sai dai in fitar da ke tare da su. Na fita a fusace. Ina zaune a mota na buɗe waya na shigar da koke, har da hoton akurkin da na ɗauka a ɓoye. Na ce wa kaina don lafiyarki nake yi. Akwai wannan a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Na gaji da tsoron kada mai gida ya kore mu, na gaji da abokan aiki suna yi mini dariya wai ina zaune a Riyad kamar ina ƙauye. Kuma ina so in ci nasara a kanki ba tare da kin san ni ne ba. Daga baya likita ya ce zuciyarki ce ta kumbura, ba ruwan kaji. Kwana bakwai ina zaune a gefen gadonki, kina tambayata ko na ba su ruwa. Me ya hana ni faɗa miki? Wallahi tsoro ne kawai.

Da takardar ta zo, sai na zama ni ne kan gaba wajen neman a sassauta. Maƙwabta suna ta yabona, wai ga mai riƙe amanar matarsa. Muka taru bayan la'asar a shagon burodi, mu biyar da wani ɗalibi ɗan Maraɗi mai kyakkyawan Larabci, ya rubuta mana takardar roƙo. Ba mu nemi da yawa ba. A bar kowane gida ya ajiye kaji biyar a keji, ban da zakara, a riƙa zuwa duba tsabta, wanda ya yi sakaci a kwashe nasa. Don a ga da gaske muke, a ranar na yanka zakaranki. Wasu gidajen da muka je neman sa hannu ko ƙofa ba su buɗe mana sosai ba. Ban ga laifinsu ba. Wa zai rubuta sunansa da lambar iƙamarsa, katinsa na izinin zama, a takardar da ke cewa a canja doka, a ƙasar da ba tasa ba? Sai muka roƙi mai gidanmu, Abu Fahad, ya shige mana gaba tun da shi ɗan ƙasa ne. Ashe dattijon kirki ne. Ya ce mahaifiyarsa ma ta yi kiwo a wannan unguwa kafin a yi kwalta.

Kafin nan ma'aikatan sun dawo dubawa sau ɗaya, muka ce mun kwashe. Ƙarya muka yi. Kajin layin gaba ɗaya, goma sha tara, suna cikin ɗan ɗakin tankin ruwa na samanmu, na sa musu fanka. Mun yi shawara ne mu ɓoye su har a amsa mana.

Ranar da za mu je ofishin na yi abin da har in mutu ba zan daina cizon yatsa a kansa ba. Kin san yadda muka taso, ba a zuwa gaban mai unguwa hannu rabbana. Ban yi shawara da kowa ba. Na hau sama na tsinci ƙwai goma sha biyu na safiyar, na jera a kwanon nan naki mai murfi, na rufe da tawul. A raina gaisuwa ce, kuma ina so jami'in da za mu samu ya ga irin albarkar da ake magana a kai.

Jami'in matashi ne mai ladabi. Ya sa aka kawo mana gahawa, ya karanta takardarmu har ƙarshe, ya ce ba shi ke yin doka ba amma zai tura ta sama. Ina ganin fuskar Abu Fahad ta saki. Sai na ajiye kwanon a teburinsa na buɗe. Ya ce ba ya karɓar kyauta, kuma kada in sake yin haka a kowane ofishi. Sannan ya ɗauki ƙwai ɗaya ya juya shi. Ƙwan kanti a nan duk da hatimi a jikinsa, ke ma kin sani. Wannan ba shi da komai sai ɗan gashin kaza da ya manne. Ya duba takardun gabansa, inda aka rubuta cewa mun kwashe kaji tun makon jiya. Ya tambaye ni daga ina ƙwan yake. Bai ɗaga murya ba. Na kasa yin ƙarya ta biyu.

Kwana uku ya ba mu. Takardar roƙonmu tana can, ban san ko wani zai sake buɗe ta ba bayan an kama mu da ƙarya. Mun sa Abu Fahad ya ji kunya a gaban yaron da bai wuce sa'an ɗan cikinsa ba. Duk da haka ya kira wani ɗan'uwansa mai gona a bayan gari, shi kuma ya ce ba zai haɗa baƙin kaji da nasa ba don tsoron cuta. Na zaga kasuwar tsuntsaye, ba mai son tsofaffin kaji sai don tukunya.

Ba wanda ya zage ni kan ƙwan. Sun ce tsautsayi ne, kuma da zuciya ɗaya na yi. Fushinsu duk yana kan wanda ya fara kai ƙara. Jiya da muka taru raba kajin, Ummu Usman ta tsaya daga bayan ƙofa tana kuka, ta ce ba ta yafe wa mutumin nan ba duniya da lahira, don ya ci amanar mamaciya tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, Hajara. Da bakina.

Yau da hantsi na yanka naki shida. Ban ba wa kowa wuƙar ba. 'Yar wake-waken ce ta ƙarshe, ba ta ko gudu ba, ta zo ne tana zaton tsaba na kawo. Na raba naman sadaka da sunanki, ko da yake ban san ko ana karɓar sadaka irin wannan daga hannu irin nawa ba. Malamai sun ce haƙƙin mutum sai shi ya yafe da kansa. To ke ina zan same ki? Da na faɗa miki a asibiti, da kin yi kwana biyu ba ki kula ni ba, sannan ki ce in miƙo miki ruwa. Na san halinki. Wannan damar ce na bari ta wuce.

Ɗazu bayan azahar Ummu Usman ta aiko mijinta da kwanon farfesu, wai kada in zauna da yunwa a rana irin ta yau. Ga shi nan a gabana, ya huce, mai ya daskare a kai. Ba zan iya ci ba, ba kuma zan iya zubarwa ba. In na gama wannan takarda zan sauka da shi yadda yake, in ƙwanƙwasa musu ƙofa, in faɗa musu sunan wanda ta yi wa Allah Ya isa. Su suna raye, za su iya ji.

Sai mun zo, Maman Sadiya. Allah Ya jiƙanki, Ya sa in an tashe mu ki yarda ki dube ni.

Mijinki,
Haruna