Ruwan da Na Ƙara a Kwalbar Jikata

Gashin jikata ya tsiro! Da wannan albishir na cika layinmu wata uku da suka wuce. Yau kuwa taimako nake nema. A yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na shiga ajin yamma.

Ni mai aski ne. Jikar tawa shekararta tara, kullum cikin tsokanata take, wai ta fasa aurena saboda sanƙona. Bara gashinta ya fara zubewa fili-fili. Likita ya rubuta maganin shafawa, 'yar kwalba ɗaya tana cinye kuɗin askin sati biyu. Na ce wa uwarta, wato 'yata, ni zan riƙa saye. Ranar da gashi ya leƙo har shago na rufe, ina kiran maƙwabta su zo su gani.

Sai kasuwa ta yi sanyi, na ji kunyar cewa na gaza. Yadda nake tsinka sabulun aski in ya kusa ƙarewa, haka na riƙa ƙara wa kwalbar ruwa. Yanzu gashin a kan matashi yake kwana. Uwarta tana yi mata faɗa wai ba ta shafawa da kyau, yarinyar ma ta yarda laifinta ne. Ta daina tsokanata. Jiya ta shafa kaina, ta ce yanzu mun dace. Na kasa cin abinci. In faɗa, ko in sayo sabuwa in yi shiru?

Kaka mai aski

Amsa:

Baba, ka faɗa, kuma yau. Ba mugunta ka yi ba, kunya ce ta ja ka, amma yarinya ce ke ɗauke da kayanka. Sabuwar kwalba ba za ta sauke mata shi ba.

Ruwan ya rage ƙarfin maganin, sai dai irin wannan zubewar takan tafi ta dawo ko da ana shafa na gaske. Likita ne zai tantance, don haka ku kai masa kwalbar, ku gaya masa komai. Ku tambayi tsawon lokacin shafawa, da ko akwai makamancinsa mai sauƙin kuɗi. A raba nauyin saye a cikin dangi.

'Yarka za ta yi fushi, ka bar ta ta yi. Jikarka kuwa ka zaunar da ita, ka ce mata laifin mijinta ne mai sanƙo.

Allah ya ba ta lafiya. Ranar da ta sake fasa aurenka, ko gashi bai fito ba, rufe shago ka kira maƙwabta su zo su gani.